RIJIYA TA BA DA RUWA, AMMA WA YA AUNA SHI?

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi da ya taɓa kama hanyar gida daga Ikko, ko Badun, ko Anaca, ya bi ta Lokoja, ya san inda mota ke shiga Yankin Babban Birnin Tarayya. Daga Abaji sai Kwali, daga Kwali sai Gwagwalada, sa'an nan Zuba inda hanyoyi suka rarrabu. Idan matafiyi ya leƙa ta taga a wannan tsakani, abin da zai fi gani shi ne mata da yara ɗauke da bokitai da jarkoki, da rijiyoyi a ƙofar gidaje, da tankunan roba bisa ƙarafa inda wani mai hali ya haƙa burtsatse. Tafiyar sa'a guda ko biyu ce kawai tsakanin waɗannan ƙauyuka da unguwannin da ake ban ruwan furanni da ruwan famfo.

A ran 3 ga Fabrairu, 1976, ne Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro wannan yanki, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma a ran 12 ga Disamba, 1991, mazaunin Gwamnatin Tarayya ya tashi daga Ikko ya koma can. Domin shayar da sabon birnin an gina madatsar ruwa ta Usuma a ƙasar Bwari, daga baya kuma aka jawo mata ƙarin ruwa daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna, cikin bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Wannan ruwa ana tace shi, ana zuba masa magani, akwai kuma ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan su riƙa auna shi. Amma bututu bai bi kowa gida ba. Mutanen Rubochi da Yaba da Gawu da Dobi da Kawu, da Gwarawa da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana waɗanda aka tarar a wurin, da Hausawa da Fulanin da suka zauna tare da su, rijiya da burtsatse da rafi su ne abin dogaronsu. A irin waɗannan wurare mai rijiya shi ne hukumar ruwan gidansa, shi ne injiniya, shi ne duba-gari. Da wuya kuwa a sami wanda ya taɓa ɗibar ruwan rijiyarsa ya kai a auna masa.

Ba a rasa masu cewa jahilci ne ya kawo haka. Wannan magana tana da sauƙin faɗi a ofis mai sanyi, amma ba ta warware kome. Mai rijiya yana da dalilansa, kuma wajibi ne a saurare su ɗaya bayan ɗaya kafin a yi masa gardama.

Abin da zai fara faɗi shi ne ruwansa garau yake, ba launi, ba wari, ga daɗi a baka. Da ma abin da aka koya masa tun yana ƙarami ke nan. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana duba siffofi uku ne ga ruwa, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, idan najasa ba ta sāke ɗaya daga cikinsu ba, ruwan yana nan da tsarkinsa. Hukuncin daidai yake, ba kuwa mai ja da shi. Sai dai hukunci ne na alwala da wanka, malaman da suka rubuta shi ba su ce sun auna lafiyar ciki ba. Ruwa yana iya halatta ga alwala alhali kuwa yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a sha'anin ruwa ko ƙimar ma bai sani ba, domin ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, dalma ba ta da wari. Da limamai za su bayyana wannan bambanci a huɗubar Jumma'a guda ɗaya, da sun yi aikin da ma'aikatan lafiya za su shekara ba su yi ba.

Sa'an nan sai ya kawo zancen gado. Kakansa ya sha wannan rijiya, ubansa ya sha, sun kuwa yi tsawon rai. Gaskiya ne. Amma rijiyar kakan nasa ba ta da masai goma a kewayenta. Tun daga lokacin da aka fara gina Abuja jama'a ke kwarara cikin ƙauyukan yankin, gonar bara ta zama gidan haya bana, kowane gida kuma da ramin masansa, sau da yawa taku kaɗan daga bakin rijiyar maƙwabci. Ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a kuma haƙa masai ta wajen gangare. A filin da aka yanka ƙafa hamsin da hamsin ina za a sami mita 30? Yawancin ƙasar yankin dutse ne a ƙarƙashi, ruwan da rijiyar hannu ke samu yana kwance ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, saboda haka duk abin da aka zubar a bisa, ko bayan gida ne, ko kashin shanu, ko takin zamani, ba ya daɗewa damina ta kai shi ƙasa. Bugu da ƙari, masu ba da shaidar lafiyar tsohuwar rijiya su ne waɗanda suka rayu. 'Yan'uwansu da gudawa ta ɗauke tun suna goye ba su nan balle a tambaye su, an ce haƙori ne, ko iska, aka yi haƙuri.

Dalilin da ya fi waɗannan nauyi shi ne wanda ba a cika furtawa ba, watau tsoro. Mai rijiya yana tambayar kansa, in an auna aka ce ruwan ba shi da kyau, sai me? Ba shi da kuɗin haƙa wata. Idan yana sayar wa 'yan ga-ruwa, ciniki ya mutu ke nan ran da labari ya fita. Idan kyauta yake bayarwa, mutuncinsa ne zai zube, a riƙa nuna gidansa ana cewa can ne aka ɗebo cutar da ta kashe ɗan wane. Saboda haka sai ya ga gara a bar kaza cikin gashinta. A Yankin Babban Birnin Tarayya kuwa wannan tsoro yana da wani ƙari wanda babu shi a Kano ko Katsina. Mutanen nan sun ga rusau da idonsu, musamman tsakanin 2003 da 2007, sun ga yadda baƙo mai riƙe da takarda da alƙalami ke zuwa yau, gobe a shafa wa bango jan fenti, jibi katafila ta iso. Wanda ya ga haka, in ma'aikaci ya tsaya a ƙofarsa yana tambayar yaushe aka haƙa rijiyar nan, wa ya ba da izini, ba zai ɗauka lafiyar 'ya'yansa aka zo dubawa ba. Zai ɗauka haraji ne ke tafe, ko kuwa abin da ya fi haraji. Duk shirin awon ruwa da bai fara da kawar da wannan zato ba, ƙofa a rufe zai tarar.

Akwai kuma nisa da kuɗi. Ɗakunan awo suna cikin birni, ko a jami'a, mutumin Yaba kuwa sai ya bar gonarsa yini guda, ya biya mota, ya biya awo, a ba shi takarda da Turanci cike da lambobi waɗanda ba mai fassara masa. Wannan uzuri ne na gaskiya, laifinsa kuma ba a wuyan manomi yake ba.

Amma duk waɗannan dalilai ba su sāke abin da ke cikin ruwan ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta fitar a 2007 aka kuma sabunta ta a 2015, ta ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta ikolai, watau ƙwayar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, cikin mililita 100. A binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, an auna ruwa a inda ake ɗibarsa, aka sami wannan ƙwaya a ruwan fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'a. Da aka auna shi a cikin gida, a kofin da za a kai baka, sai abin ya kai tara cikin goma. Ma'anar wannan a fili take: ko rijiyar da ta ba da ruwa mai kyau, guga da ake yasarwa a ƙasa, da jarka, da randa, da moɗar da kowa ke tsoma hannu da ita, suna ɓata shi kafin a sha. Kwali ita ce mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, kuma matan ƙasar sun iya ginin tulu tun kaka da kakanni. Tulu mai ƙaramin baki wanda sai an tsiyaya, ya fi randa mai faɗin baki kiyaye ruwa, ko da yake an fi ɗaukar randa abin ado.

Sakamakon wannan hali an gan shi. Kwalara, watau amai da gudawa, ta fara shigowa Nijeriya a ƙarshen 1970 ta wajen Ikko, tun daga nan kuma ba ta yi sallama ba. A 1991, shekarar da aka koma Abuja, ta kashe mutum fiye da 7,000. A 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, Yankin Babban Birnin Tarayya ma bai tsira ba. A watan Yuni na 2024 ta sāke ɓulla a Ikko. Cuta ce da ba ta san Arewa da Kudu ba, mota ɗaya take shiga da fasinja.

To, a nan sai mai burtsatse ya gyara zama ya ce wannan zancen masu rijiyar guga ne, shi nasa ruwan daga ƙarƙashin dutse injin ya fito da shi. Lalle burtsatsen da aka haƙa bisa ƙa'ida, aka toshe wuyansa da siminti, ya fi rijiya buɗaɗɗiya tsira daga ƙwayoyin cuta. Amma dutse ma yana da nasa abin da yake zubawa cikin ruwa. Mutanen Gobir sun san wannan. A Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, an haƙa burtsatse a 1985, gari ya yi murna an sami ruwan famfo. Ruwan kuwa garau, ba wari. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku ko fiye na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, watau miligiram ɗaya da rabi a kowace lita. Yara suka taso haƙoransu sun yi ja, ƙafafunsu sun lanƙwashe, ƙasusuwa suna ciwo. Sai da aka shafe kimanin shekara goma sha biyar kafin a daina shayar da gari da wannan ruwa, bayan ɗaruruwan yara sun naƙasa naƙasar da ba ta da magani. Awon da zai tona wannan asiri aikin yini ɗaya ne. A cikin Nijeriya ma an daɗe da sanin jan haƙori na ƙasar Langtang a Jihar Filato, dalilinsa kuwa ɗaya ne.

Wannan shi ya sa shawarar nan da aka saba bayarwa, cewa a tafasa ruwa, ba ta wadatar ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, haka ma kulorin. Alimun da ƙwallon zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, ko da yake ba su gama da ƙwayoyin cuta ba. Amma ba ɗaya daga cikinsu da za a dogara da shi a kan fuloraid, ko dalma, ko naitiret da ke fitowa daga masai da takin zamani, wanda ke hana jinin jariri ɗaukar iska idan ya wuce miligiram 50 a lita. Tafasawa ma ƙara musu kauri take yi, domin ruwa ne ke tashi tururi, su kuwa su zauna a tukunya. Magani ya danganta ga cuta, cutar kuwa sai an auna ake saninta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. Yawancin gubar ta ƙura da ƙasa ta shiga, amma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun sami dalmar da ta wuce ƙa'ida a waɗansu rijiyoyin ƙauyukan. A 2015 abin ya sāke aukuwa a Shikira, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Jihar Neja kuwa iyaka ɗaya take da Abuja, masu haƙar ma'adinai kuma ba su san iyaka ba.

Ƙasar Bangaladash ta shiga irin wannan masifa a ma'auni mafi girma, abin da ta yi kuma ya isa a duba. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin tuƙa-tuƙa domin raba jama'a da ruwan kududdufi, sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da gubar arsenik. Ba a rufe rijiyar kowa ba, ba a kuma ci tarar kowa ba. An bi ƙauye-ƙauye da ƙaramin akwatin awo, aka gwada rijiyoyi kusan miliyan biyar, wadda ta yi kyau aka shafa wa bakinta koren fenti, wadda ba ta yi ba aka shafa mata ja. Fiye da miliyan ɗaya suka sami ja. Mai jar rijiya ya ci gaba da wanki da ita, ruwan sha kuwa ya ɗebo a ta maƙwabci. Shirin bai rasa aibu ba, domin inda babu koriyar rijiya kusa mutane da yawa sun koma wa jar, fenti kuma ya koɗe ba a sabunta ba. Duk da haka ya nuna cewa talaka yana sāke hali idan aka gaya masa sakamako a gabansa, da harshen da yake ji, aka kuma nuna masa inda zai koma.

Ba sai an je Asiya ba ma. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Aka bi ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu, aka nuna wa mutane ƙwarin da ke cikin ruwan tafkinsu. Mutum na ƙarshe da ya kamu an same shi a 2008, a Disamba 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da cutar. Mutanen ƙauyen da ake kira masu taurin kai su ne suka yi wannan aiki. Gani ya kori ji.

Abin da ya wajaba a kan Hukumar Babban Birnin Tarayya da majalisun yankunanta shida, watau Birni da Kewaye, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji, shi ne su kai awo ƙofar mai rijiya, su daina jiran ya kawo kansa. Tun 1982 masana a ƙasar Indiya suka fito da 'yar kwalba mai takardar magani a ciki, wadda in an zuba mata ruwa aka ajiye kwana ɗaya ko biyu, sai ta yi baƙi ƙirin idan ƙazanta ta shiga ruwan. Ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar Turanci, mai gida da kansa zai ga ruwansa ya rine. Babu abin da zai hana a ajiye irinta a kowane ɗakin shan magani na ƙauye. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, mai leƙa randa da masai. An ji tsoronsa ne saboda tara da kotu. Duba-garin da ake bukata yanzu shi ne wanda zai zo tare da mai unguwa, ya faɗa a bainar jama'a cewa sakamakon awo ba zai zama hujjar haraji ko rusau ba, in rijiya ta faɗi ya zuba mata kulorin, ya nuna yadda za a ɗaga bakinta da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga, ya kuma dawo ya sāke aunawa. A Nuwamba 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta, a 2019 ta sa 2025 ta zama shekarar daina bayan gida a fili. Shekarar ba ta cika alkawari ba. Ƙidayar rijiyoyin da aka haƙa tana da daɗin karantawa a taron buɗewa, amma ba a cika jin ƙidayar waɗanda aka auna ba.

Sauran aikin kuwa yana hannun 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin kuɗin rijiyoyin gida da yawa daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal suke fitowa. Mai sayar da goro, ko ɗan canji, ko mahauci, yakan tara abin da ya tara ya aika a haƙa rijiya a gidan tsohuwarsa, ko a ƙofar masallaci ta zama sadaka mai gudana ga mahaifinsa da ya rasu. Niyya ce mai kyau. Amma wanda ya iya biyan mai injin haƙa, kuɗin awo ba zai gagare shi ba, kuma bai kamata ya biya kason ƙarshe ba sai an nuna masa takardar awo daga ɗakin gwaji sananne, wadda ta ambaci ƙwayoyin cuta da naitiret da fuloraid da dalma. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taruwa a fadar Sarkin Hausawa duk wata suna iya haɗa kuɗi a auna rijiyoyin unguwa guda a tashi ɗaya, ta haka ba wanda za a nuna da yatsa shi kaɗai. Haka kuma dubban 'yan ga-ruwa da ke tura kura a titunan Ikko, waɗanda har sunansu na Hausa, mai ruwa, ya shiga bakin Yarabawa, suna da haƙƙin tambayar mai burtsatsen da suke saye a wurinsa yaushe rabonsa da awo, domin ran da cuta ta ɓulla a unguwa, mai kura ake fara kamawa, ba mai tanki ba.

Wanda ya yi niyyar aunawa ya karɓo kwalbar daga ɗakin awon, kada ya yi amfani da tsohuwar robar lemo. Ya wanke hannu, kada yatsa ya taɓa bakin kwalba ko cikin murfi, in tuƙa-tuƙa ce ya bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci kafin ya tara. Ya sa ta cikin ƙanƙara, ya kai cikin sa'a shida in da hali, kada dai ta wuce yini da kwana. Awon ƙwayoyin cuta ana son sa aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne bayan ruwan farko ya sauka, wajen Afrilu zuwa Mayu a ƙasar Abuja, da kuma duk lokacin da ambaliya ta rufe bakin rijiya, ko aka haƙa sabon masai kusa, ko aka sami jariri a gidan.